Malam Illo, Mai Labarin Baƙaƙen Ramukan Sama

Kullum bayan asuba Malam Illo kan naɗe ƙafar wando, ya ɗora littattafai a ka, ya shigo kwalekwale daga Warra zuwa makarantar ƙauyenmu. Bana ya ajiye alli. Ni Magaji, da ruwan Kainji ya cinye garin ubana a idona ban durƙusa ba, ko baƙi ɗaya na boko ban sani ba, amma ba zan bari mutumin nan ya tafi shiru ba.

Shekarar da aka yanke mana jihar Kebbi, yara suka kawo labari gida: wai Malam ya ce akwai baƙaƙen ramuka a sama masu haɗiye haske. Iyaye suka ce ya taɓu, suka kwashe 'ya'yansu zuwa kamun kifi. Makaranta ta kama hanyar mutuwa. Aka wakilta ni in kore shi, don ni ba a ja da ni.

Da na gaya masa, Malam ya ce, "To Baba, ƙetare da ni da kanka."

Muna tsakiyar tabki na karkata jirgi.

Ya ce, "Me ka kauce wa?"

"Kututturen tsamiyar tsohuwar kasuwarmu."

"Ka gan shi?"

"Yaro, ni kake tambaya? Dubi yadda ruwa ke murɗawa."

"Haka masana suka ga taurari na kewayawa da gudun da ya isa su watse, amma ba su watse ba. Akwai wani ɓoyayyen nauyi da ke riƙe da su. Wasu na zaton ramukan nan ne: abu ya dunƙule tun farkon halitta, ya yi nauyin da ko haske ba ya kuɓuce masa. Zato ne, ba a tabbatar ba. So nake yaranku su shiga cikin masu nema."

Nan take na juya jirgi. A bakin ruwa na ce duk wanda ya taɓa kauce wa abin da bai gani ba, ya maido da ɗansa aji. Masunta ne duka, wa zai musa? Jikata Fadimatu ce ta fara komawa, yau tana Sakkwato tana koyar da kimiyya.

Kai ne, Illo, dutsen cikin ruwa. An zage ka ba ka rama ba, iska ta taso ba ka fasa ƙetarowa ba. Mun gode, Allah ya saka da alheri.

Ku kuma malaman da ke gudun aikin bakin tabki, ku yi koyi da shi, ku ƙetaro. Jirgina na nan, kuma na san inda kututturen yake.