Ƙudirin Makara a Majalisar Ajinmu

Shekarar da Baba ya ajiye kakin soja muka kwaso kayanmu muka dawo Zuru. A bariki aka haife ni, a can na girma, don haka na iso garin iyayena da Hausar bariki, C'lela kuwa, yaren mutanen garin, ban wuce gaisuwa da zagi ba. Aka sa ni aji biyar na sakandare. 'Yan ajinmu Hausa suke yi da ni, amma wani lokaci ana tsakiyar hira sai biyu ko uku su juya harshe zuwa C'lela, su tuntsire da dariya. Duk sanda suka yi haka sai in ɗauka da ni suke. Ban taɓa tambaya ba. Na koyi kallon bakin mutane da idanunsu, ina tara abin da na gani a raina.

A farkon zango na uku, damina ta fara sauka, malaminmu na darasin gwamnati ya shigo aji riƙe da taɓarya da aka naɗe da takarda mai ƙyalli. Siririn mutum ne, ba ya yawan magana, kuma ba ka iya gane ko ya ji daɗin abu ko bai ji ba. Ya ɗora taɓaryar kan tebur ya ce, "Wannan ita ce sandar majalisa. Daga yau, duk ranar Laraba, nan ba aji ba ne, majalisar dokokin jiha ce. Ni ba ni da baki a ciki."

Ya karanta mana ƙa'idojin zama, dogaye, ni kuwa hankalina yana kan wasu 'yan mata da ke raɗa a bayana. Sannan ya raba mana mazaɓu. Wanda ya fito daga Danko aka ba shi wani yanki na arewacin jiha, 'yar cikin gari aka ba ta ƙauye. Ni aka ce in wakilci Sakaba, inda ban taɓa sa ƙafa ba. Da aka faɗa wani ya yi dariya. Na kalli Malam ina neman alamar ko da gangan ya yi don a ga iyakata, ban ga komai a fuskarsa ba.

Da na gaya wa Baba da yamma, yana zaune a gindin mangwaro yana sauraren rediyo, sai ya rage muryar rediyon.

"Wace jam'iyya malamin nan yake yi wa aiki?"

"Baba, darasi ne fa."

"Haka suke farawa. Yau wasa, gobe a ba ku riga da hula a ce ku yi ihu a bakin titi. Ki buɗe idonki. Duk takardar da aka ce ki sa hannu, ki kawo mini tukuna."

Larabar da ta biyo aka zaɓi Kakaki. Wani dogon yaro ne, ɗan mai sayar da hatsi a kasuwa, mai fara'a da kowa. Kafin a ɗaga hannu na ga yana bin benci-benci yana magana ƙasa-ƙasa da C'lela. Ya ci zaɓe cikin sauƙi. Aka ba shi kujerar Malam da guntun katako na buga tebur, Malam kuma ya koma bencin baya ya zauna kamar baƙo.

Yarinyar da muke zama benci ɗaya ainihin 'yar Sakaba ce, amma tana zaune wurin gwaggonta a wani ƙauye bayan dutse, daga can take takowa kullum. Ba mu cika magana ba. Ranar nan da aka tashi tara ta juyo ta ce, "Tunda ke ce wakiliyata, ina da ƙorafi."

Na zaci ba'a take. Sai ta buɗe mini tafin hannunta, duk ya yi kanta, wani wuri ya fashe. Ta ce idan aka yi ruwan asuba rafin da ke hanyarsu yakan cika, dole su tsaya ya ja baya kafin su tsallaka. Suna isowa an rufe ƙofa, firfet mai kula da horo ya miƙa musu langalanga su yanka ciyawa har darasin farko ya wuce. Ta ce, "Ki kai maganar majalisa. A daina hora mu ranar da aka yi ruwa."

"Me ya sa ba za ki kai da kanki ba?"

"Ni wani gari aka ba ni. Kuma ke kin iya magana."

Na yi kwanaki ina juya abin. Firfet ɗin nan ɗan ajinmu ne, kuma aminin Kakaki. Zuciyata ta ce so suke su tura baƙuwa ta taɓa shi, su koma gefe su yi kallo. Amma hannun nata ya tsaya mini a rai, na rubuta ƙudirin.

Nan na fara gane cewa doka ba ta tafiya kai tsaye. Karatu na farko, akawun majalisa ya karanta sunan ƙudirin kawai, aka ce a zauna. Na tashi zan yi bayani Kakaki ya buga katako ya ce ba yau ba. A karatu na biyu aka ba ni dama. Na yi magana, wasu suka goyi baya, wani ya ce idan aka yarda kowa zai riƙa cewa ruwa ne ya tare shi, har mai kwana a bayan katangar makaranta. Daga nan Kakaki ya ce an miƙa ƙudirin ga kwamiti, shugaban kwamitin kuwa shi ne firfet ɗin horo.

Na waiwayi bencin baya. Malam yana kallon taga.

Ƙudirin ya daɗe a hannun kwamiti. Duk Laraba firfet zai tashi ya ce, "Mai girma Kakaki, muna kan aiki." Da na matsa, suka kira zaman jin ra'ayin jama'a a gindin bishiyar darbejiya, suka gayyato 'yan ƙananan azuzuwa masu zuwa daga nesa. Yaran suka zo, suka ga wanda yake hora su ne zaune a tsakiya, kowa ya sunkuyar da kai. Ɗaya ce kawai ta yi magana, ita ma da C'lela, aka fassara mini a gajarce. Na tabbata a raina an rage wani abu. Da kwamiti ya dawo da rahoto, an gyara ƙudirin: sassaucin na waɗanda suke tsallake rafi ne kaɗai. Na so in yi gardama, 'yar Sakaba ta taɓa ni ta ce in bari, hakan ma ya isa.

Ranar ƙuri'a Kakaki ya gyara zama ya ce, "Masu goyon baya su ce eh."

Ajin ya ɗauka, har wani malami da ke wucewa ya leƙo.

"Waɗanda ba su yarda ba su ce a'a."

Muryoyi kaɗan ne, yawanci daga gefen firfet.

"Masu a'a sun rinjaya," in ji Kakaki, ya buga katako.

Na miƙe ban san na miƙe ba. Na ce ƙarya ne, kowa ya ji. Ya ce, "'Yar majalisa mai wakiltar Sakaba, ban ba ki izinin magana ba. Ki zauna." Aka yi ta hayaniya, ya ɗage zaman, aka ɗauke taɓarya.

Na bi Malam har ƙofar ofishin malamai.

"Malam, kana ji fa. Kana zaune aka yi."

"Na ji."

"To me ya sa ba ka ce komai ba? Ko kai ka sa shi?"

Ya dube ni, bai nuna ɓacin rai ba. "Na gaya muku ba ni da baki. A ƙuri'ar murya, abin da kunnen Kakaki ya ji shi ne hukunci. Amma akwai abin da ɗan majalisa zai iya nema nan take idan bai gamsu ba. Na karanta muku ranar farko."

"Mene ne?"

"Ki nemi a raba majalisa a ƙirga. Kowa ya tashi tsaye a gan shi. Kin yi ihu, ba ki nema ba."

Ya shige ofis, ya bar ni da tambayar ko shi ya sa Kakaki.

A gida Baba ya saurare ni har ƙarshe, ya gyaɗa kai kamar wanda dama abin da yake jira ke nan. Ya ce in fita daga wasan. Mama tana tankaɗe a gefe, ta ce, "A bar ta ta ƙarasa abin da ta fara. Yarinyar nan mai fasasshen hannu fa ita ta aike ta." Baba ya ƙara muryar rediyo.

Na ari ƙa'idojin wurin akawu na karanta su da kyau. Sai na fara abin da ban taɓa yi ba tun zuwana, na bi 'yan ajin ɗaya bayan ɗaya ina neman goyon bayansu. Kowa ya ce mini yana tare da ni. Yawan amsawar tasu ma ya sa na ƙara jin tsoro.

Laraba ta zo, na nemi izini yadda ya kamata, na gabatar da buƙatar a sake duba hukuncin da aka yanke, wani ya mara mini baya. Aka sake ƙuri'ar murya. Kakaki ya ɗaga katako, kafin ya sauke na ce, "Mai girma Kakaki, ina neman a ƙirga." Ya tsaya da hannu a sama, ya yi murmushi, ya ce masu goyon baya su koma gefen taga, sauran su koma gefen ƙofa.

Abin da na gani ranar ya rikita mini lissafi. Wasu samari da suka fi kowa ƙarfin "eh", waɗanda suka rantse mini jiya-jiya, suka saci kallon firfet suka sulale gefen ƙofa. 'Yan matan nan masu raɗa a bayana, waɗanda na daɗe da sa su cikin maƙiyana, suka tako gefen taga suka tsaya kusa da ni, ɗaya ma ta riƙe mini hannu. Akawu ya ƙirga. Mun rinjaya da 'yar rata kaɗan, aka zartar da ƙudirin.

Sai a lokacin Malam ya tashi daga bencin baya. Ya ce ƙudiri ba ya zama doka sai gwamna ya sa hannu, gwamnanmu kuwa shugaban makaranta ne. Ni da Kakaki muka kai masa. Ya karɓa da fara'a, ya yaba mana, ya ce zai duba. A hanyar dawowa na tambayi Kakaki, "Ka gaya mini gaskiya, Malam ne ya ce ka yi abin da ka yi ranar nan, ko abokinka?"

Ya yi dariya. "Daga inda nake zaune, a'a na ji."

Shugaban makaranta bai sa hannu ba, bai kuma ce ya ƙi ba. Duk sanda muka je sai ya ce yana dubawa. Malam ya ce majalisa tana da ikon tsallake gwamna idan kashi biyu cikin uku suka yarda, amma ni na ga yadda aka tsaya a gefen taga, na san ba mu kai ba.

Ana gab da jarrabawa aka yi wani ruwa mai ƙarfi da asuba. Muna cikin darasin farko sai ga 'yar Sakaba ta shigo, siket ɗinta jiƙe har gwiwa, ta zauna kusa da ni.

Na raɗa mata, "Ba a ba ku langalanga ba?"

"Firfet ya gan mu, ya ɗauke kai."

"Wa ya sa shi?"

"Oho. Ara mini biro, nawa ya faɗa rafi."

Na ba ta. Mako na gaba aka sake ruwa, na hango 'yar Sakaba da sauran masu tsallake rafi ta taga a filin ƙwallo suna yankan ciyawa, firfet yana tsaye a kansu. Daga nan jarrabawa ta zo, majalisa ba ta sake zama ba.