Malam Falalu da Tsohuwa Mai Fito

Malam Falalu direba ne, kuma duk wanda ya san tuƙin gida ya san rabin aikin jira ne. Hajiya Halima, wadda yake tuƙawa a Nassarawa GRA, tsohuwar shugabar makarantar 'yan mata ce, mace mai zumunci. In ta shiga gidan suna ko gidan gaisuwa, fitowarta sai ta gama da kowa. Sauran direbobi kan kwantar da kujera su yi barci, ko su kama rediyo. Shi kuwa sai ya zura hannu ƙarƙashin kujera ya ɗauko littafi.

Mutumin wani ƙauye ne a bayan Kazaure. Bai yi boko yana yaro ba. Sai da ya zo Kano yana karen mota ya shiga ajin yaƙi da jahilci, shi ya sa har ya yi furfura da yatsa yake bin layi, leɓɓansa na motsi. Littattafan yaƙi yake so, irin siraran nan da ake bazawa a bakin Bata. A cikinsu kuma akwai wanda ya riƙe masa zuciya, wani dogon labari da ke fitowa kashi-kashi mai suna Ƙetaren Baƙin Ruwa.

Labarin wani sadauki ne, Zarnu, wanda aka ƙona birninsu yana jariri, ya girma yana bin dauloli yana neman takobin mahaifinsa. Wani baƙin kogi ne ya raba daulolin, kuma a kowane littafi sai Zarnu ya ƙetare shi. Duk mashigin da ya je, tsohuwa ɗaya yake tararwa da kwale-kwalenta. Ita ce mai fito. Ta ƙetarar da shi, ta ƙi karɓar lada, ta juya. Marubucin bai taɓa faɗin ko wace ce ba.

A shekarar da soja suka miƙa mulki, wata rana Falalu yana jiran jikokin Hajiya a ƙofar makarantarsu, sai wani dogon mutum mai tabarau ya leƙo ta tagar mota.

"Malam, ka kai inda ya faɗa rijiyar macizai?"

"Kada ka faɗa mini!" in ji Falalu, ya kife littafin a ƙirji.

Mutumin ya yi dariya har da dafa mota. Shawulu ke nan, akawun makarantar, Bahaushen Wusasa, Kirista, yana zaune a Badawa da matarsa Milka da 'ya'yansu Diana da Ronald. Tun daga ranar Falalu ya fara zuwa ɗaukar yara da wuri. Akwai wata bishiyar darbejiya a gefen ƙofar, nan suke zama a kan benci, masu gadi da masu ban ruwan fulawa na gidajen kusa su matso su ji.

Ba a kan Zarnu suke musu ba. A kan tsohuwar ne.

"Uwarsa ce," in ji Falalu. "Ba ta mutu a gobarar ba. Akawu, tun littafi na ɗaya ka taɓa jin ta kama sunansa? Kullum 'kai yaro', kullum 'ɗan nan'. Wace mace ce ke kauce wa sunan mutum haka, in ba uwa da ɗan farinta ba?"

"Malam Falalu, ka manta gishiri," in ji Shawulu. "Sau nawa ya miƙa mata guzurinsa ta tambaya ko da gishiri a ciki, ta ƙi ci? Sarauniyar aljanun ruwa ce da aka ƙwace wa mulki. Kiwonsa take yi, kamar yadda kuke kiwon ragon layya."

"Tsofaffi nawa likita ya hana gishiri?"

"Akwai likita a daular maridai?"

Haka suke yi. Duk sabon littafin da ya fito, kowannensu sai ya tsinci abin da ya ƙara masa ƙarfi. Da aka ce hannunta na hagu kullum a lulluɓe yake, Falalu ya ce tabon wuta take ɓoyewa, Shawulu ya ce ƙaya irin ta kifi ce. Masu sauraro suka rabu biyu, har wani mai gadi ya ƙirƙiro nasa, wai tsohuwar nan ai Zarnu ne da kansa bayan ya tsufa. Ranar ce kaɗai aka ga Falalu da Shawulu a ɓangare ɗaya, suka taru suka rufe shi.

Sai shekara ta juya. Aka yi rikicin Kaduna, ga kuma Kano ana shirin ƙaddamar da shari'a. Falalu yana cikin masu murna da shari'ar, bai kuma ɓoye wa abokinsa ba. Amma jita-jita ta cika gari, kowa da abin da ya ji an ce. Milka ta daina barin yara su fita. Wata rana Shawulu ya zo benci bai ko taɓo zancen tsohuwa ba.

"Zan kai su gida," ya ce. "Maman Diana ba ta iya cin abinci. Amma ko tasha tana tsoron mu shiga motar haya da kaya."

Falalu ya koma ya sami Hajiya a falo, ya durƙusa.

"Hajiya, alfarma nake nema. Mota nake so gobe da safe, in kai wani abokina da iyalinsa tashar Unguwa Uku."

"Akawun nan mai tabarau?" Ta dube shi ta saman nata tabarau. "Ka kai su. Ka tsaya har motarsu ta tashi."

Da hantsi ya kwashe su daga Badawa. Milka ta rungume jaka, yaran sun ƙura wa titi ido. Falalu ya duba madubi ya ga fuskar Diana, sai ya yi gyaran murya.

"Diana, ki gaya wa babanki gaskiya. Aljana tana tuƙa kwale-kwale? In tana da fuka-fuki, me za ta yi da filafili?"

"Aljanar ruwa ba ta da fuka-fuki," in ji Shawulu, kamar an tsikare shi.

"Ka ji shi ko? Kamar a gidan aljanun aka yaye shi."

Ronald ne ya fara ƙyalƙyalewa, sannan Diana. Kafin su kai tasha har Milka ta sa baki, ta ce su biyun duk ba su da aikin yi. Falalu ya tsaya har motar Zariya ta cika. Shawulu ya leƙo ta taga.

"In na gaba ya fito, kada ka karanta sai na dawo."

"To ka dawo da wuri," in ji Falalu.

A watannin da benci ya zama nasa shi kaɗai, wani matashi a masallacin layinsu ya ga littafi a aljihunsa ya ce masa ƙarya ce tsagwaronta, babba kamarsa bai kamata ba. Abin ya tsaya wa Falalu a rai, har ya je ya tambayi liman. Liman ya ce, "Yana hana ka sallah?" Ya ce a'a. "Ka ɗauka gaske ne?" Nan ma Falalu ya ce a'a. Liman ya ce to ya je ya ci gaba, amma ya riƙa ba Alƙur'ani kasonsa. Ya kuwa riƙe wannan.

Da gari ya lafa Shawulu ya dawo da iyalinsa, suka karanta littafi na shida tare. Bayan sun gama musun ranar, masu sauraro sun watse, Shawulu ya cire tabarau yana gogewa.

"Malam Falalu, me ya sa ba ka taɓa sassautawa a kan matar nan ba?"

Falalu ya ajiye littafin a kan benci. Ya ce ana yaye shi mahaifinsa ya saki mahaifiyarsa, ta koma danginta wajen Katsina, kakarsa ta raine shi. Bai san fuskarta ba. Amma yana yaro akwai wata mai daddawa da kan zo ranar kasuwa, in ta gan shi sai ta kira shi da hannu ta ba shi ƙuli-ƙuli, ta yi ta kallonsa. Ba ta taɓa tambayar sunansa ba, ba ta kuma taɓa faɗa ba. Wata shekara ta daina zuwa. Da ya girma ya tambaya, aka ce masa mahaifiyarsa ta rasu tuntuni, mai daddawa kuma ba wanda ya tuna ta.

"Wataƙila dai mace ce mai son yara," ya ce.

Shawulu ya mayar da tabarau. Washegari kuma ya dawo da zancen gishiri kamar yadda ya saba, Falalu ya ji daɗin hakan.

Daga littafi na shida marubucin ya yi shiru. Wasu suka ce ya rasu, wasu suka ce tsadar takarda ce. Aka yi zaɓe, aka sake yin wani. Jikokin Hajiya suka gama firamare, amma Falalu bai daina biyowa ta bencin ba. Ana nan sai Shawulu ya yanke jiki ya faɗi a ofis. Hawan jini ne. Ya tashi ɓarin jikinsa na dama a shanye, harshensa ya yi nauyi, kalma biyu sai ya huta. Mutumin da ba a iya rufe masa baki ya koma kwance yana kallon silin.

Cikin wannan halin ne, wata rana Falalu na cikin cunkoso a Bata, ya hango bangon littafin a hannun mai talla. Na ƙarshe. Ya saya ta taga, ya tura shi ƙarƙashin kujera. Kwanakin da suka biyo baya ya sha jira a ƙofar gidajen mutane, littafin na ƙarƙashinsa, bai buɗe ba. Ranar Lahadi bayan azahar, lokacin su Milka sun dawo daga coci, ya hau acaɓa zuwa Badawa.

"Akawu, ga mutuniyarka ta zo."

Idon Shawulu ya kawo haske. Aka tayar da shi aka jingina da filo, Falalu ya ja kujera ya fara karantawa, yatsa a kan layi. Da la'asar ta yi Milka ta kawo masa buta da tabarmar da take ajiye masa, ya yi sallah ya dawo.

Can wajen ƙarshe Zarnu ya iso mashigi na ƙarshe da takobin mahaifinsa. A tsakiyar kogi tsohuwar ta miƙe, ta yar da tsummokaranta, ruwa ya dare gida biyu ya rusuna mata. Sarauniyar aljanun ruwa ce. Maridan da Zarnu ya yi ta kashewa su ne suka ƙwace mata mulki. Ta kai shi gaɓa, ta yi masa sallama, ta nutse.

Muryar Falalu ta yi ƙasa-ƙasa har ta tsaya. Ya rufe littafin a kan yatsansa, ya yi ƙoƙarin murmushi.

"To, Akawu. Ka ci."

Shawulu ya girgiza kai. Ya ɗaga hannun hagu yana nuna littafin.

"Koma. Inda... suka yi sallama."

Falalu ya buɗe ya karanta. Ta ce masa, sauka lafiya, ɗan nan.

"Ta faɗi... sunansa?"

"A'a."

"To." Shawulu ya numfasa, ya tattaro ƙarfinsa. "Wa ya ce maka sarauniyar aljanu... ba ta haihuwa? Da ya faɗa rijiya, a na biyu, me ya hana shi nutsewa? Jinin ruwa ne a jikinsa. Uwarsa ce, Malam Falalu."

"Tausayina kake ji."

"Ni? Hujja nake kawo maka."

Falalu ya juya fuska wajen taga ya share ido da hannun riga. Milka na tsaye a bakin ƙofa da faranti, ta manta ta ajiye. Tun da mijinta ya kwanta ba ta ji ya haɗa magana mai tsawo haka ba.

Da Falalu ya juyo sai ya haɗe gira. "Amma a littafi na ɗaya an ce uwarsa 'yar maƙera ce. Yaya za ka yi da wannan?"

"Wa ya faɗa a littafin? Waziri. Waziri kuwa... maƙaryaci ne."

"Sun koma musunsu," in ji Milka, ta ajiye farantin tana dariya da ƙwalla.

Likita ya ce hira magani ce ga irin wannan ciwo, don haka Falalu ya mayar da Lahadi ranar Badawa. Suka faro labarin daga farko, yanzu Shawulu ne ke kare uwa, Falalu na neman inda zai kayar da shi. Harshen Shawulu ya saki sosai, amma hannun bai dawo ba, aiki kuma ya gagara. Da su Shawulu suka yanke shawarar komawa Wusasa gaba ɗaya, Hajiya Halima ta ce kada a kai marar lafiya tasha. Falalu ya tuƙa su har ƙofar gidansu, ya shigar da kaya, ya bar wa Shawulu littattafan duka a cikin leda.

Falalu ya ci gaba da tuƙi har idonsa ya fara hazo, Hajiya ta ɗauki sabon direba, ta bar shi yana kula da gida. Ya sayi wayar hannu, Diana ta sa masa lambar babanta. Ranar Lahadi da yamma yakan zauna a ƙofar gida, wayar a kunne, masu wucewa su ji dattijo yana ɗaga murya.

"A'a, Akawu, buɗe na huɗu ka duba. Wa ya ba ta kwale-kwalen tun farko? To wannan mutumin nake so ka gaya mini ko wane ne."