Kek ɗin Auta da Tukunyata

Ƙanwata, wadda duk gida ke kira Auta, ba ta iya gasa kek ba. Na fara da wannan ne don babu mai gaya muku sai ni. In ta kwaɓa da hannunta ta gasa, abin da zai fito ya isa a tokare ƙofa da shi.

Amma in zane ne, sai dai a yi shiru. Tun tana ƙarama take ɓata bangon ɗakinmu da gawayi. Ni ke shan faɗa don ni ce babba, ita kuwa a kira maƙwabta su zo su ga kyanwar da ta zana. Yanzu a asibitin haƙori take aiki, ita ke amsa waya. In aiki ya lafa sai ta jawo takarda ta zana masu jiran likita, kowa ya tallabe kumatu. Da yamma kuma ta baje a tebur da tawada da alƙaluma masu faɗin baki tana rubutun ado, ta ja wa harafi wutsiya har ya zagaye ɗan'uwansa. Ita ta tsara allon shagon mijina. In ka yaba ta ce ai wasa take. Wasan nan nata shi ke ƙona min rai.

Ni girki nake a kicin ɗin wata makaranta, kuma kek kam na iya shi, ba yabon kai ba. Da Auta ta tsiri yi wa kek kwalliya, a kan tukunya ta koya. Ta ari tawa mai karyayyun hannaye, ta kife ta, ta shafe da kirim, ta zana da tsinken sakace, ta bi layin da launi, ta kankare ta sake. Da hannunta ya faɗa sai ta ce, "Yaya, gasa min na gaske mana."

Haka muka ɗore. Ni ce fasa ƙwai, ni ce tankaɗe fulawa, ni ce buga bota har kafaɗa ta yi tsami. Ita ta zo da ledojin kirim ta yi furanni. A taru a ɗauki hoto, a cinye tas, a lashe yatsa, a ce, "Kai, kek ɗin Auta!" Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Gaskiya takan ce ni na gasa, amma wa ke jin magana da kek a baki?

Na mutane duk da sauƙi. Na Baba ne ya tsaya min a wuya. Baba mai gyaran agogo ne, yabo a bakinsa ya fi haƙorin kaza wuya. Amma yakan duƙa kan kek ɗin da tabaransa na aiki, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Yarinyar nan akwai hannu." Ni ko uffan. Sau ɗaya tak nake so in ji ya ambaci nawa hannun.

Da idonsa ya yi rauni ya rufe shago, muka shirya masa 'yar liyafa a falonsa. Auta ta zo da zanenta a takarda tana rawar jiki.

"Yaya, babba nake so, zagayayye."

"Kafaɗata na ciwo," na ce. "Ki gasa kayanki."

"Haba Yaya, so kike Baba ya rasa sauran haƙoransa?"

"Ai ga asibitinku nan."

Ta yi dariya, ta ɗauka wasa nake. Ba wasa nake ba. Na gasa nawa ni kaɗai, ko ɗigon ado babu, na ɓoye a jaka. Shirina a yanka dutsen Auta, a kasa tauna, sai in fito da nawa kowa ya san mai gayya mai aiki.

Ranar liyafar Auta ta shigo da faranti. Agogo ne. Lambobin nan da rubutunta na ado, hannayen sun nuna ƙarfe shida, lokacin da Baba ke rufe shago. A gefe ta zagaye shi da ƙananan ƙafafun agogo masu haƙora, har da ɗan sukudirebansa. Ya yi kyau, Allah ya gani, kuma kyan nan ya soke ni. Sai na hango wata 'yar lotsawa a gefe, lotsawar da na sani tun ranar da tukunyata ta faɗo min daga saman kanta.

"Baba, a yanka mana," na ce, na miƙa masa wuƙa da hannu biyu.

Ya ɗora, ya danna. Ƙwas!

Auta ta rufe baki. "Baba, tukunya ce. Na gwada gasawa, ya ƙi. Kafaɗar Yaya kuma ba lafiya."

Na jira a yi mata dariyar da za ta huce min. Dariyar aka yi, amma ta jin daɗi, har da tafi. Kawu ya miƙe yana cewa, "Kun ga basira? Tukunya fa!" Baba ya shafe inda wuƙa ta taɓa da ɗan yatsa, ya ce kada wanda ya ƙara kusantar ta. Lallai hassada ga mai rabo taki ce.

Yara suka fara ƙorafi, dole na fito da nawa. Kafin ka ce kwabo sun share shi. Kawu, baki cike, ya juya wajen Auta zai fara yabon da ya saba. Baba ya riga shi. Ya tauna a hankali, ya ɗago ya dube ni.

"Ke, yau kin ƙona ƙasan."

"Baba, ya aka yi ka san nawa ne?"

"Na wa zai zama? Shekara nawa ina cin naki, ba ki taɓa ƙonawa ba. Da fushi kika gasa wannan."

Na shige kicin kamar zan ɗauko ruwa, na tsaya bakin famfo na yi kukana. Yabon da na jima ina jira ke nan, a ƙone ya zo min.

Agogon yana nan har yau a kan kabad ɗin Baba, kirim ɗin ya bushe ya tsattsage, kowane baƙo sai an nuna masa aikin Auta. Ni kuwa duk na shiga gaishe shi sai na ce a raina, tukunyar dai tawa ce.