Bugu Uku a Ƙarfen Gado

Yau shekara huɗu da rasuwar mijina, Baban Hanifa, kuma har yanzu in wani ya ƙwanƙwasa tebur da yatsa sai gabana ya faɗi.

Digiri na uku ne ya kai mu Kuala Lumpur. Bincikensa kuwa, ku ji fa, a kan yadda mutanen Norway ke liƙa kalmomi su zama suna guda, da inda gaɓoɓinsu ke rabuwa. Bakano a Malesiya yana fama da harshen mutanen ƙanƙara! Tsiya babu irin wadda ban yi masa ba. Shi ko a jikinsa. Sai ya zauna a falonmu na unguwar Setapak yana bugun tebur, kowace gaɓa bugu ɗaya: jern-ba-ne-sta-sjon, wai tashar jirgin ƙasa. Ƙarfe da hanya da tasha aka liƙa, in ji shi, kuma dole kunne ya ji mahaɗarsu.

Da korona ta kama shi lokacin kulle, ya ƙi zuwa asibiti, wai saura ƙiris ya kare bincikensa. Da kalmar nan na riƙa auna numfashinsa. Kullum da safe in ce, "Baban Hanifa, faɗi tasharka." Da farko yana jero ta ba adadi a numfashi guda. Sai ta koma da ƙyar. Ranar da muryar ta tsaya a tsakiya, yatsan ya ƙarasa shi kaɗai, ban nemi izininsa ba na kira motar asibiti.

Ba a barin kowa ya shiga. Wata nas ce ta riƙe masa waya ina ganinsa ta bidiyo, abin iska ya rufe masa baki. Ya bugi ƙarfen gado sau uku, ya huta, ya sake. Na ce, "Ha-ni-fa? Tana nan, ta ci abinci." Ya lumshe ido. Bai kai ƙarshen makon ba.

Yanzu waya ma na rarraba gaɓoɓi kafin ƙiftawar ido. Na san abin da zai ce: "To, ta yanka, amma ta ji?" Binciken yana akwati, bai kammalu ba, kuma ba shi ke hana ni sukuni ba. Tsorona kada Hanifa ta manta shi, don tana ƙarama ƙwarai lokacin da ya rasu.

Kwanan baya, bayan mun dawo Kano, na tarar tana koyon karatun Hausa, yatsanta na bugun tebur. Na ce, "Wa ya koya miki?"

Ta ce, "Ai haka ake yi, lah," irin maganar 'yan Malesiya. Ta koma kan littafinta: ba-ba-na.

Bugu uku. Allah ya jiƙanka, Baban Hanifa.