Ƙirar Daura

Adawiyya 'yar Malam Audi ce, mai gyaran rediyo a bakin kasuwar Zango. Yayyenta maza duk fataucin dabbobi suka bi, don haka ita mahaifin ke miƙa wa ƙarfen narka dalma idan idonsa ya gaji. Kafin a yi mata aure ta iya bin waya a cikin rediyo kamar yadda ƙawayenta ke bin zare a jikin hula.

Aure ne ya kawo ta Daura, gidan Saminu, direban motar haya mai zuwa Kano. Lokacin gyaran rediyo ya riga ya ja baya, amma masu kiɗan biki na ta fama da fiyanonsu, waɗanda wutar janareta ke yawan ƙonawa. Saminu ya fara kawo mata ɗaya daga tasha, ta gyara. Wannan ya gaya wa wancan, har ɗan ɗakin da ke kusa da zaure ya zama shagonta.

A wurin gwada fiyanon mutane ne abin ya fara ba ta haushi. Ta tashi tana jin kalangun mahauta ranar kasuwa, wanda makaɗi ke matsewa a hammata ya hau ya sauka, ya kira sunan mutum har da na kakansa. Kalangun da ke cikin fiyano kuwa a sandare yake, ba ya lanƙwasa, ba ya cewa komai. Ta ce wa Saminu, “Wanda ya saka wannan a ciki bai taɓa zuwa mahauta ba. Ni zan yi nawa.”

Ya yi dariya, amma ya sayo mata kayan da ta aike shi a kasuwar Sabon Gari ta Kano. Ta duƙufa kallon masu irin wannan ƙira a wayarta, abin da ba ta gane da kunne ba ta gane shi da ido. Na farkon da ta haɗa hayaƙi ya yi. Wani kuma ya yi ta kuka kamar ɗan akuyar da aka ɗaure, har maƙwabciya ta leƙo tana tambayar ko lafiya. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, kafin ta sami abin da take nema.

Ɗan akwati ne da bai wuce kwanon sha ba. Babu wani kiɗa da aka naɗa a cikinsa, wutar batir ce kawai ke haifar da amon. Kafinta ya yi mata jikinsa da katako, baduku ya ɗinka mata wani ɗan matashi na fata da waya ta haɗa shi da akwatin. Ka sa matashin a hammata, ka buga maɓalli, ka matsa, sai amon ya hau. Ka saki, ya sauko. A ƙasan kowane akwati da ta haɗa takan ƙona rubutu da ƙarfenta mai zafi: Ƙirar Daura, Adawiyya Audi.

Harisu, wani makaɗin fiyano da ta saba yi wa gyara, shi ya fara fita da shi. A wani biki a Dutsi ya kira sunan uwar amarya da shi, tsofaffi suka miƙe suna neman inda mai kalangun ya ɓuya. A cikin baƙi akwai Alhaji Zakiyyu, dillalin kayan kiɗa daga Kano. Bai bar ƙasar Daura ba sai da ya yi sallama a zauren Saminu.

Ya juya akwatin, ya yaba, ya ce duk nawa za ta iya yi yana so. Sannan ya ɗora yatsa a kan rubutun.

“Sai dai wannan, Malama, za a kankare. Zan liƙa masa tambarin waje. Mutanenmu kin san su, in suka ji a gida aka yi, kuma mace, ko kallo ba za su yi ba.”

“Alhaji, a Dutsi da kuka ji shi, tambarin wa kuka gani?”

“Ni kasuwa nake gaya miki.”

“Ni kuma hannuna nake gaya muku.” Ta buɗe tafinta, duk tabon ƙuna. “Wanda ya sha wannan shi ke da suna. Ku saya yadda yake, ko ku ajiye mini abina.”

Ya ajiye, ya kaɗe riga ya fita. Saminu ya raka shi har mota, ya dawo ransa a ɓace, don ya riga ya fara mafarkin sauya tsohuwar motarsa.

“Adawiyya, rubutu fa ne kawai. Ba ci ake yi ba.”

“Malam, ranar da ya lalace a hannun wani, ina zai kai shi? Turai? Kuma gobe in Alhaji ya sami wanda ya kwaikwaya, wa zai ce nawa ne?”

Kwanaki Saminu ya yi yana fita ba fara'a.

Ba a jima ba magana ta fara yawo a wurin masu kiɗa, wai akwatin matar nan na ƙona lasifika. Babu wanda ya faɗi daga inda ta fito. Waɗanda suka ce a yi musu suka janye, har masu kawo gyara suka ragu. Akwatunan da ta gama suka zauna a kan kanta.

Ba ta aika wa kowa da ban haƙuri ba. Ta sa aka kira Harisu, ta ce ya ɗauki lasifikarsa mafi tsada ya kafa a tasha da rana tsaka, in ta ƙone ita za ta biya. Saminu ne da kansa ya loda kayan a motarsa. Daga azahar har la'asar Harisu na kiran direbobi ɗaya bayan ɗaya da akwatin, suna ihu suna ɗaga hannu. Lasifika ba ta ko yi zafi ba.

Wannan bai mayar da ita mai arziki ba. Har yau kaɗan-kaɗan take yi, in ta sayar ta sayi kayan wasu. Masu saye daga Baure suke zuwa, da garin Babban Mutum, wasu ma daga tsallaken iyaka, kuma duk wanda nasa ya sami matsala ya san ƙofar da zai buga. Motar Saminu tana nan yadda take, sai an tura ta da safe.

Yanzu goge ta sa a gaba. Wanda ta haɗa bai yi ba tukuna, ƙararsa kamar ta tsohuwar ƙofa. Harisu ya saurara ya ce mata gaskiya ta haƙura, goge sai da izga.

“Ka dawo bayan Sallah,” in ji ta, ta jawo ƙarfenta ta ci gaba da aiki.