Daɓen da Na Hana a Ƙarasa

Tun ina kwalejin horon malamai a Sakkwato ciwon son wasan tanis ya kama ni. Akwai wani tsohon fili na siminti a bayan ɗakunan kwananmu, duk ya tsattsage, a nan na koyi riƙe raket, abin bugun nan mai ragar igiya. Da aka turo ni koyarwa Bagega, cikin ƙasar Anka, na zo da raket biyu da ƙwallo huɗu a gwangwani. Mutanen gari suka ce malamin makaranta ya zo da tarkon kifi garin da babu gulbi. Na ji haushi ƙwarai, ni kuwa ba a wahala kafin a samu haushina. A nan na yi aure, a nan aka haifa mini ɗiya. Sunan mahaifiyata aka sa mata, don haka Innata nake kiranta.

Tana da shekara uku da 'yan watanni wani aikin takardu ya kai ni Abuja. Sai na ji ana wata ƙaramar gasar tanis ta ƙwararru, har da 'yan ƙasashen waje. Na bar layin ofis na tafi. Na zaci zan tarar da cincirindo da motoci. Ina! Kujeru wayam, 'yan kallon ba mu fi a ƙirga mu da yatsu ba. Wani saurayi ɗan Birtaniya ne a fili, fuskarsa ta yi jawur don rana, kuma a zagayen farko aka yi waje da shi.

Bayan wasa na hange shi tsugune a bakin famfo yana wanke rigarsa da kansa. Bature fa! Na ƙarasa na yi masa sannu da ɗan turancina na malamin firamare. Ya yi murna da ya samu mai yi masa magana. Ya ce irinsu suna da yawa a ƙasarsu, matasa masu yawon ƙananan gasa daga wannan ƙasa zuwa waccan, su kwana su uku a ɗaki ɗaya, su ɗaura igiyar raket da hannunsu. Ya ce suna da filaye, suna da masu horarwa, amma ɗaiɗaiku ne ke hawa sama, sauran gwiwa ko kafaɗa ke sallamarsu. Shi kansa bai san ko zai sake fitowa baɗi ba.

Mai hankali da ya ji wannan sai ya kama kansa. Ni abin da na ji daban. Na ce a raina, ashe ƙofar ba a kulle take ba, ashe su ma talakawan wasa ne kamarmu. Na tambaye shi da shekara nawa ya fara. Ya ce huɗu. Ya ƙara da cewa in yaro zai fara, filin jar ƙasa ya fi, saboda akwai garin ƙasa a samansa, ƙafa na zamewa a hankali, in an faɗi ba a jin ciwo. Tun daga Abuja har Anka ina cikin mota ina auna bayan gidana da ido a rufe.

Lokacin kuwa zinari ya buɗe a Bagega. Baƙi sun cika gari, injinan niƙa dutse na kuka tun safe. Mutane na kai dutsen har cikin gidaje, mata na dakawa a turmin da ake daka hatsi. Ni na hana a gidana. Ba don na san da wata guba ba, ƙazanta da hayaniya na ƙi. Har faɗa na yi da maƙwabcina a kan haka, na ce masa gidan malami ba ma'aikata ba ce.

Siminti ya fi ƙarfina, sai na ce a yi mini daɓe. A wurinmu daɓe aikin mata ne. A kira gayya, a shimfiɗa tsakuwar marmara, su jeru a durƙushe suna bugu da madaɓi suna waƙa, sannan a bi da ruwan makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, sau da yawa, har ƙasa ta haɗe ta yi ƙarfi ta daina tashi. Matata ta gayyato su, ƙarƙashin wata tsohuwa da duk daɓen unguwar ya bi ta hannunta.

A bakin gari kuwa, inda ake wanke niƙaƙƙen dutse, akwai tulin ƙasar da aka gama tace zinarinta. Ja-ja ce, laushi kamar garin tuwo, kuma babu mai so. Da na dumbuza a hannuna sai na ce wallahi ga filin Bature. Na sa aka yi mini jigilarta da amalanken shanu har kwana biyu.

Matan suka daɓe ƙasan fili da marmara yadda suka saba, suka yi makuba ɗaya. Tsohuwa ta ce saura uku. Na ce a'a, a tsaya nan, wannan garin za a barbaɗa a sama a bar shi sake. Ta ɗebi kaɗan ta shinshina, ta murza, ta dube ni.

"Malam, wagga ƙasa ba ta da ƙamshin ƙasa. Kuma ni tun da nike ban taɓa barin daɓe buɗe ba. Bari mu rufe shi, ɗiya ƙanana na gidan ga."

Na ce, "Inna, ke ɗaki kika sani. Wannan filin wasa ne, haka ake yinsa a Turai."

Ta ce, "To, mu ba mu je ba."

Matan suka yi dariya, ni kuwa dariyar ta ƙona ni. Na ɗaga murya a kan matar da ta yi jika da ni, na ce a tattara madaɓai, aiki ya ƙare. Ta kakkaɓe zanenta ta fita, ko furar da aka dama musu ba ta sha ba.

Ba zan yi ƙarya ba, watannin da suka biyo baya sun yi mini daɗi. Na yanke wa Innata raket ɗaya ya yi daidai hannunta. Kullum bayan la'asar mu fita, in jefa mata ƙwallo, ta kai bugu da hannu biyu ta faɗi zaune tana ƙyalƙyala dariya. Kafin damina ta fara mayar mini da ƙwallo sau uku a jere. Ido gare ta, wallahi, ba son kai ba. In ta gaji ta zauna a tsakiyar fili tana tara garin nan tana yin tuwon wasa, ƙwallon kuma ba ta rabo da bakinta. Uwarta na mita a kan wanki, ina ce mata ta yi haƙuri, wata rana a jirgi za ta raka ta.

Sai yara suka fara ciwo a gari. Amai, zazzaɓi, sai jijjiga. Mun riga mun ji labarin ƙauyukan Bukkuyum, irin su Tungar Guru, inda aka ce dalma ce a cikin dutsen zinari ke kashe yara. Da ma'aikatan lafiya suka iso garinmu, ni aka ɗauka tafinta. Ina gaba suna biye, gida gida, da wata na'ura da ake ɗora wa ƙasa ta faɗi yawan dalmar da ke ciki. Har faɗa nake taya su yi wa mutane. Da muka zo ƙofar gidana na ce mu wuce, nan ba a taɓa daka dutse ba. Suka yarda da ni, muka wuce.

A makon nan Innata ta daina cin abinci. Na ce ciwon shawara ne. Ta fara jefar da raket, hannun ya ƙi riƙewa, na ce ƙiwuya ce, har na daka mata tsawa. Ranar wata Talata da hantsi ina aji aka aiko. Na tarar da ita a cinyar uwarta, idanu sun juye, jiki na karkarwa. Aka ɗauke mu zuwa Anka inda ake jinyar yaran. Da aka auna jininta, wata likita ta kira ni gefe ta ce lallai akwai inda yarinyar nan ke wuni cikin gubar.

Washegari ma'aikatan lafiyar suka koma gidana da na'urar, ina tare da su. Tsakar gida lafiya, ɗaki lafiya, madafa lafiya. Suka zagaya baya. Mai na'urar ya ɗora ta a tsakiyar fili, ya duba, ya matsa gaba ya sake ɗorawa, sannan ya ciro ƙyalle ya rufe hancinsa. Ya tambaya da turanci wa ya kawo wannan ƙasa nan. Maƙwabta sun cika wurin suna jiran tafinta ya fassara musu. Ban fassara ba. Na ce masa ni ne.

Suka kankare filin da shebur, suka zuba a buhuna suka kai can nesa suka binne. Tsohuwar nan ta zo dubiya har Anka da ƙullin gero a kanta. Na kasa haɗa ido da ita. Ba ta tayar da maganar ba, matata ma har yau ba ta tayar ba, kuma da sun zage ni da na fi samun sauƙi.

Innata ta rayu, alhamdu lillahi. Yaran da aka kwantar tare da ita ba duka suka dawo ba. Amma maganarta ta yi nauyi, karatu ya ƙi zama, hannun dama kuma rawa yake yi. Yanzu ta zama budurwa, ta fi uwarta tsawo. Ba ta tuna filin ba, ba ta san an taɓa yinsa ba, ni kuma na rasa bakin da zan gaya mata.

Ita ke kawo mini ruwa in na dawo daga makaranta, ba ta yarda kowa ya riga ta. Shekaranjiya ta taho da kwanon sha cike, tana tafiya a hankali, ta kafa masa ido. Saura taku biyu hannun ya ƙwace mata, ruwan ya zube mini a riga da takardun jarrabawar yara. Ta durƙusa da sauri tana goge mini ƙafa da gefen mayafinta, bakinta na rawa kafin kalmomin su fito.

"Baba, ka yafe mini. Ban san abin da ke damun hannun nan nawa ba."