Malam Garba da Tantabarun Khairiyya

Ranar Talatar da aka binne Dakta Khairiyya, Malam Garba ya taso daga maƙabarta ya wuce kejin tantabaru, domin la'asar ta yi ba su ci ba. Khairiyya matata ce. Ta rasu saura wata bakwai ta kammala bincikenta.

Tantabarun da ba su da mai su take nazari. An kamo wasu a kasuwar Gwandu, wasu a fadamun shinkafa na Kalgo, aka tsare su ana duba yadda kowanne ke neman abinci. Garba shi ne mai shara da zuba hatsi. Da ya idar da sallar asuba yana can, ya wanke kwanon ruwa, ya auna dawa, ya zauna kan bulo yana kallo.

A makonnin farko tantabarun Kalgo suka rame, biyu suka mutu. Masu digiri suka yi taro, suka yanke cewa tantabarar Kalgo ba ta da wayo. Garba ya bari suka gama Turancinsu, sannan ya ce, "Malama, waɗanga ba su san kwano ba. Na fadama sai sun tona, kuma ba su ci ana kallonsu." Ya watsa shanshera, shinkafar da ba a sussuke ba, cikin ƙaiƙayi, ya fitar da kowa. Suka ci. Daga nan aka sake tsara binciken gaba ɗaya.

Bayan rasuwarta masu digirin suka ɗauke ƙafa. Garba ya ci gaba, yana rubuta abin da ya gani da ajami a takardar buhun siminti, har ɗalibinta Mubarak ya zo ya ƙarasa aikin. Binciken ya fito da sunaye biyar. Na duba sau biyu, babu na Garba.

Yanzu ciwon gwiwa ya zaunar da shi. Masu ilimi, kafin ku rubuta, ku riƙa tambayar mai shara.

Malam Garba, kai ne ka hana aikinta bin ta kabari. Allah ya saka maka. Ranar sadakar uku na zo na ce ka buɗe kejin kowa ya huta. Ka ce, "Malam, ita ba ta ce a buɗe ba." Na zage ka a gaban mutane. Shekara huɗu muna sahu ɗaya a masallaci, bakina ya kasa faɗa maka wannan: da ka bi maganata, da babu abin da ya rage nata. Ka yafe mini.